Injin da Na Haɗa wa Baba

Masu turo min saƙo suna cewa in yi haƙuri haka maza suke, na gode. Masu cewa tun farko sun san za a rina, ku ma na gode, sai dai ban ga saƙonku ba lokacin da kowa ke yabonsa. Yau zan faɗi abin da ya faru daga Asabar zuwa Alhamis. Saboda waɗanda suka shigo daga baya, bari in ɗan koma farko.

Ni ce auta a gidanmu, shekarata ashirin da shida, kuma makanike ce ni, ba ta wasa ba. Garejinmu yana bayan gida, ƙofa ɗaya ce tsakaninsa da kicin, shi ya sa labulen Mama bai taɓa rabuwa da warin mai ba, ita ma ba ta taɓa rabuwa da mita ba. Shekara talatin da biyar Baba ya yi yana aiki a ciki kafin idonsa ya tafi. Yaya, wanda aka so ya gaji sana'ar, ya gudu aikin ofis tun ranar da baƙin mai ya taɓa masa farar riga. Sai gado ya faɗo kaina, Baba ya sa min Injiniya, sunan ya bi ni har bakin titi.

A ƙuryar garejin akwai motar Baba. Koriya ce mai dogon hanci da kujerun fata, ta girme ni, ta girmi Yaya. Shekara shida ke nan da injinta ya ƙone, kayan gyaransa kuwa ko a mafarki babu. Kullum da safe Baba zai lallaɓo da sandarsa ya shafa gefenta, wani lokaci ya buɗe ya zauna ya riƙe sitiyari. Sau ɗaya ya taɓa faɗa min abin da ke ransa. Ya ce, "Injiniya, ganinta dai ya wuce ni. Amma da zan ji ta tashi ko sau ɗaya ne, da na gode Allah." Daga ranar na ɗaura niyya.

A filin da ake jibge motocin da suka yi haɗari na samo inji. Na wata akori-kura ne 'yar zamani da ta kife, jikinta ya yi raga-raga amma injin lafiyarsa ƙalau, silinda takwas, ko tsufa bai fara ba. Aibinsa ɗaya, ɗan gata ne. Injin zamani ba ya shan mai sai kwamfuta ta auna ta fesa masa a baki, ba ya tashi sai tulin wayoyi sun amince. Motar Baba kuwa ba ta san kwamfuta ba, kuma Baba ya rantse ba za a saka masa abin da kunne ba zai iya gyarawa ba. Don haka sai na yaye shi. Na kwance kwamfutar da wayoyinta, na cire nozul ɗin da ke fesa mai, na sauya masa maƙogwaro da wanda kafireta za ta zauna a kai, na nemo ɗan akwatin da zai riƙa bai wa filogi wuta a kan lokaci. Ƙafafun da injin zai zauna a kai, da hannuna na yanka ƙarfensu na yi walda, sau uku ina ɓatawa ina sakewa. Wata bakwai na kwashe, farce biyu suka cire, Baba yana kan kujerarsa yana sauraron kowane noti da na ɗaure. Mun tsayar da Lahadi da safe za mu zuba mai mu murza makulli.

A tsakiyar wannan aikin Dillali ya shigo rayuwata. Sana'arsa ke nan, yana nemo wa masu hali tsofaffin motoci. A da wani suna na sa masa a wayata wanda yanzu kunyar faɗinsa nake ji, tun Asabar ya koma Dillali. Ranar farko wurin Baba ya zo a kan wata kafireta da ta gagari mutanensa, ya same ni kwance ƙarƙashin mota.

"Sallama dai, ina mai garejin?"

Na ce, "Ga ƙafafunta nan kana kallo."

Ya yi dariya har da dafa bango. Bayan kwana uku ya dawo karɓar kafiretarsa, daga nan kuma ya riƙa dawowa ba tare da kafireta ba. Dogo ne, kullum cikin guga da turare, amma sai ya shimfiɗa hankici a kan tsohuwar taya ya zauna awa biyu yana kallona. Duk samarin da na yi a baya hannuna suke fara kallo su haɗe rai. Shi kuwa cewa ya yi, "Ni wannan baƙin hannun ne ya tafi da ni." Ku gaya min, wace ce za ta ji wannan ba ta narke ba?

Ga shi da tambaya. Me ya sa kika cire wannan? Ina kika samo wancan? Yana ɗaukar hoto, wai don tarihi. In ya koma gida sai saƙo ya shigo: "Gimbiya, muryarki nake son ji. Yi min bayanin maƙogwaron nan." Ni kuma sakarya sai in gyara zama in yi masa karatun minti bakwai, ina jin daɗi na samu mai son abin da nake so.

Mama kam kamar ta goya shi. Kullum maganarta ɗaya ce.

"Auta, wanda ya gan ki cikin wannan dauɗar ya ce yana so, ba a ja masa rai. Ki bari a tsayar da rana."

"Mama, sai motar Baba ta tashi."

"Motar ce za ta aure ki? Sa'anninki suna goyo ke kina goyon batir."

In ta yi ta yi na ƙi tankawa, sai ta buga ƙofar kicin ta bar ni. Na ɗauka iyakarta ke nan.

Ranar Asabar ina shirin sa rigar aiki ta shigo ɗakina da leda. Wani yadi ne ruwan zuma mai ɗan ƙyalli, da leshi fari. Ta ce telarta ta ce sai na je da kaina, awon da take da shi ya tsufa. Na ce gobe ne fa za mu tayar da mota, akwai tiyon lagireto da ban ɗaure ba. Ta ce awa ɗaya ce, in ban bi ta ba ba ta yafe ba. Na zura doguwar riga baƙa, na yafa mayafi, muka fita tare.

Awa ɗayar ta zama biyar. Sau uku Mama tana sauya fasalin wuyan riga. Da muka fito ta ce takalmi, daga takalmi ta ce jaka, daga jaka ta tuna wata ƙawarta da ba ta da lafiya. Sai bayan la'asar muka shigo gida. Ko mayafi ban cire ba na wuce gareji.

Bonet a buɗe. Sarƙar ɗaga inji tana reto. Inda injin yake zaune babu komai sai rami, kana hango simintin ƙasa ta ciki. Wayoyin da na jera ɗaya bayan ɗaya an yanke su da almakashi, ruwan lagireto ya malale har bakin ƙofa, an tattaka shi da takalma. Ƙafafun da na yi wa walda ma an kwance an tafi da su. Ban san na yi ihu ba sai da na ji Mama a bayana tana salati, tana tafa hannu.

"Mun shiga uku! Wane marar imanin ne ya yi wannan?"

Yaya ya leƙo da waya a hannu, ko a jikinsa. Ya ce, "Ke, rage murya, ba ɓarayi ba ne. Surukinmu ne ya zo da mutanensa, na ba shi makulli. Ya ce kun yi magana."

Na zaro waya na kira Dillali. Bugu ɗaya ya ɗauka, muryarsa har da fara'a.

"Haba Gimbiya, kin ɓata min shiri. So na yi in ba ki mamaki, fenti za a yi masa ya yi ƙyalli."

"Wa ya ce maka fenti yake so? Gobe Baba zai ji motarsa!"

"Ki ba ni zuwa Litinin. Wallahi sai kin gode min."

Litinin ta zo, wayarsa a kashe. Na je inda yake ajiye motoci, a rufe. Mama tana ta ba ni baki, wai kada in yi wa mutum mummunan zato, wai ƙarfe ne fa ba rai ba. Shi kuwa Baba tun Asabar bai leƙo gareji ba, bai kuma kira ni Injiniya ba. In na gaishe shi sai ya amsa a taƙaice ya juya fuska bango. Na kasa gaya masa. Ranar Lahadi ma ƙarya na yi, na ce akwatin wuta ne ya ba ni matsala.

Talata da safe na kai masa shayi, na durƙusa na ce, "Baba, saura kaɗan in sha Allahu."

Ya ajiye kofin bai kurɓa ba. Ya ce, "Auta, makaho ne ni, ba kurma ba."

Na ɗago na dube shi.

"Ina nan zaune na ji kukan sarƙa. Na ji suna sa sifanar da ba ta dace ba tana zamewa a kan noti. Na ji lokacin da suka buga shi da ƙarfen gaba. Na kira yayanki, ya ce ke kika bai wa wanda za ki aura, kyauta. Na ce to, guminta ne, ita ke da iko da shi. Amma ko ba komai da kin zo kin gaya min da bakinki, ba ki zo kina ce min akwatin wuta ba."

Kwana uku ke nan tsohon nan yana zaune da wannan a ransa, yana zaton na ɗauki abin da na yi masa alkawari na miƙa wa saurayi. Na kifa kaina a gwiwarsa na yi kukan da rabona da irinsa tun ina makaranta. Na rantse masa ban sani ba. Ya daɗe hannunsa na kan ɗankwalina kafin ya ce, "To tashi. Kuka ba ya ɗaure noti."

Laraba da rana wani direba da nake yi wa gyara ya turo min bidiyo, ya rubuta a ƙasa: "Injiniya, wannan ba naki ba ne?"

Na buɗe. Ga Dillali cikin sabuwar rigar aiki da ko layin ninkinta bai baje ba, ya shafa ɗan baƙin mai a kumatu kamar kwalliya. A bayansa wata jar mota ce irin ta Baba sak, bonet a buɗe, injina zaune a ciki a kan ƙafafuna. Fenti kam an yi, ja wur. Ya dafa kafiretar yana kallon kyamara.

"Wannan inji ɗan gata ne, sai da na yaye shi. Wata bakwai na kwashe a kansa..."

Kalmomina ne. Hatta inda nake jan numfashi a saƙon murya, nan yake jan nasa. Mutane a ƙasa suna ta zuba masa kirari, gwani, basira, ƙasa na alfahari da kai. A ƙarshe ya sanar cewa gobe Alhamis ƙarfe huɗu za a tayar da shi a gidan mai motar, a gaban ƙungiyar masu tsofaffin motoci. Sau shida na kalla. Ba satar ce ta fi ƙona min rai ba. Abin da ya fi ci na shi ne tuna yadda nake kwanciya rub da ciki a gado ina murmushi ina yi masa bayanin, ashe darasi yake ɗauka.

Na nuna wa Mama. Ta kalla, ta taɓe baki, ta ce, "To ai duk ɗaya ne, sunansa sunanki ne nan gaba." Na bar mata ɗakin don kada in faɗi abin da zan yi da-na-sani.

Alhamis wajen sha biyu wayar Dillali ta warke. Saƙonni suka fara shigowa ɗaya na bin ɗaya.

"Gimbiya."

"Na san kina fushi, zan miki bayani."

"Tambaya ɗaya ce, don girman Allah."

"Me ya sa kafiretar take aman mai? Da mun kunna sai fetur ya riƙa ambaliya."

Sai hoto. Ina ganin famfon man da suka ɗaura na gane. Na tashi na je na leƙa cikin ramin motar Baba, na yi wata dariya da ni kaina ban ji daɗinta ba. Ga regiletata mai daidaita ƙarfin mai can manne a jikin mota, 'yar ƙarama kamar gwangwanin madara, ba wanda ya kula ta. Can baya kusa da tanki kuma ga ɗan famfon da na saka mai sanyin hali.

Bari in fahimtar da ku. Injin zamani da ƙarfi ake tura masa mai, don nozul fesawa yake yi. Kafireta kuwa tsohuwa ce, a hankali take kurɓa. In ka haɗa ta da famfon zamani, ƙarfin da zai zo mata ya kusa ninki goma na abin da za ta iya riƙewa, sai ta cika ta tumbatsa, fetur ya bi kan inji. Shi ya sa na sa ƙaramin famfo, na kuma sa regileta ta daidaita. Ban taɓa faɗa a saƙon murya ba, don a wurina wannan ko tambaya ba ce. Shi kuwa makanikan zamani ya ɗauko, waɗanda suka tashi a kan kwamfuta. Suka ga inji na akori-kura, suka je suka sayo masa famfon akori-kura, a ganinsu sun yi daidai.

Ba zan yi muku ƙarya ba, na yi kusan minti goma wayar na hannuna. Wata zuciyar ta ce ki yi shiru, ki bar shi ya murza makulli a gaban manyan mutane ya ga iyakar basirarsa. Amma na san abin da fetur ke yi in ya sauka a kan salansa mai zafi. Na san mutane za su kewaye motar, su sunkuya suna leƙe. Kuma injina ne zai ci wuta. Na danna na yi magana.

"Kada ka sake murza makulli. Cire kan batir yanzu. Ka turo min kwatance."

Nan take ya amsa: "Allah ya bar min ke."

Ban san Baba na bakin ƙofar gareji ba. Ya ce, "Ɗauko min farar rigata da hula."

"Baba, ka zauna ni zan..."

"Na ce ɗauko min."

Na kwance regiletar na jefa a jaka tare da sifanu huɗu. Ban sauya kaya ba, rigar aikina ce a jikina, mayafi kawai na ɗora. Mama na ɗaki, ba mu yi mata sallama ba. Maƙwabcinmu mai janwe, motar jan motoci, wanda Baba ya yi shekaru yana gyara wa mota, na roƙa ya kai mu, bai ko tambayi dalili ba.

Gida ne mai faɗin tsakar gida, an jera kujeru a ƙarƙashin rumfa, tsofaffin motoci biyar suna sheƙi a gefe. Maza sun kai goma sha biyar, yawancinsu masu furfura. Tun daga bakin ƙofa warin fetur ya dake mu, Baba ya matse hannuna. Makanikan haya biyu suna tsaye a gaban jar motar, ɗaya riƙe da na'urar gwajin kwamfuta yana neman inda zai soka ta. Na so in ce masa ya daina wahala, ramin da yake nema yana jikin kwamfutar da ke cikin kwali a garejinmu.

Dillali ya taho da sauri, baki har kunne, gumi na bin wuyansa. Ya gaida Baba har ƙasa, sannan ya juya wurin mai motar, wani dattijo mai gilashi.

"Ranka ya daɗe, ga wadda zan aura da mahaifinta. Tana son kallon aiki, takan ɗan taya ni."

Takan ɗan taya ni. Ya matso ya rage murya. "Kin zo da maganin? Minti nawa zai ɗauka?"

Na ce, "Goma."

"To ki yi kamar kina miƙa min kaya, ki riƙa gaya min a hankali. Wallahi daga yau..."

Baba ya saki hannuna. Ya bi warin da sandarsa har ya taɓa gaban motar, ya sunkuya ya zura hannu. Ya shafa kafiretar, ya shinshina yatsunsa, ya gangara ƙasa har ya kai kan ƙafar injin, ya bi layin waldar da babban yatsa.

Ya ce, "Wannan waldar 'yata ce. Tana danne hannu in ta zo ƙarshe. Shekara nawa ina yi mata faɗa a kai ba ta daina ba."

Mai motar ya cire gilashi ya dubi Dillali. "Kai ka ce min aikin hannunka ne."

"Ranka ya daɗe, ai tare muka..."

Na ce, "To wanda ya haɗa shi ya gaya wa mutane me ya sa yake aman mai."

Dillali ya dubi makanikansa, suka dubi ƙasa. Ya share gumi ya ce wataƙila filogi ne. Wani tsoho a kujerar gaba ya fashe da dariya har hularsa ta faɗi. Na fito da regiletar na ɗora a kan bonet ɗin motar da ke kusa, na yi musu bayani kamar yadda na yi muku, na nuna musu inda fetur ya taru a kwarin injin, tazararsa da salansa ba ta kai taƙi ɗaya ba. Waɗanda suka matso suka ja da baya.

Mai motar mutumin kirki ne, ba zan ci haƙƙinsa ba. Ya ce bai san haka zancen yake ba, ya bai wa Baba haƙuri. Sannan ya ce, "'Yata, tunda ga shi kin zo, ki gyara ki tayar mana. A gaban kowa zan faɗa aikinki ne. Mahaifinki ma ya ji shi yau."

Minti goma ne tsakanin Baba da abin da ya yi shekara shida yana jira. Hannuna har ya kai kan sifana. Na ce, "Baba, ka ji. In tayar?"

Ya shafa injin da tafinsa. Sannan ya girgiza kai. "Motar mutane ce, Injiniya. Ni tawa nake jira."

Na tuɓe mayafi na ɗaure shi a ƙugu, na ce wa mai janwe ya matso da baya, da injina zan tafi. Mai motar ya sa aka kawo wa Baba kujera kusa da ni. Na fara kwance noti ɗaya bayan ɗaya, tsofaffin nan suka kewaye ni suna tambaya, ina amsawa. Ba wanda ya sake duban Dillali. Wasu ma sun ɗaga waya suna ɗauka, ya ga komai ya ƙare masa.

Ina cikin kwance wa injin ƙafa ta biyu na ji turarensa a kaina. Fara'ar nan duk ta tafi, wata fuska na gani da ban taɓa sani ba.

"Kin ji daɗi? Kin tozarta ni a gaban mutanen da nake cin abinci da su."

"Kai ka tozarta kanka. Ka shiga gidanmu ka yi wa makaho sata."

"Sata?" Ya yi wani murmushi, ya zaro waya. "Kina zaton ni na kawo shawarar? Ni aro na yi niyyar tambaya. Saurari wanda ya ba ni."

Ya danna, ya ƙure ƙara. Muryar da ta fito na san ta tun kafin in san sunana.

"Ɗana, ranar Asabar zan fita da ita wurin tela, zan riƙe ta har la'asar. Ka zo ka kwashe ƙarfen nan ka yi yadda ka ga dama da shi, kada ka dawo min da shi. Muddin yana gidan nan yarinyar nan ba za ta saurari kowa ba. Yayanta zai ba ka makulli. Shi kuma babanta kada ka damu da shi, ba gani yake yi ba."

Sifanar ta suɓuce daga hannuna. Wuyan rigar da aka sauya sau uku, da salatin da aka yi a bayana ana tafa hannu, duk suka dawo min lokaci guda. Na juya da sauri ina addu'ar Allah ya sa hayaniya ta hana Baba ji. Yana zaune a miƙe, hannu biyu a kan sanda, fuskarsa na fuskantar wayar.

Ya ce, "Yaro, sake kunna min."

Dillali ya yi turus. Baba ya sake cewa, "Sake kunnawa." Ya kunna. Baba ya saurara har ƙarshe, ya gyaɗa kai sau ɗaya.

Yadda na gama kwance injin ban sani ba, hannu ne kawai ya yi aikinsa. Muka kama hanya mu uku a gaban janwe. Da muka iso muka rataye injin a sarƙa a saman motar Baba. Na kamo hannunsa zan shigar da shi gida ta ƙofar kicin, ya ce a'a, in buɗe masa mota. Ya shiga ya zauna a mazaunin direba da farar rigarsa, ya ja ƙofa.

Tun ɗazu Mama ta leƙo sau biyu tana tambayar ina muka je ba sallama, me ya dawo da wannan ƙarfen. Ba ta san mun ji ba, kuma ban san wanda zai fara gaya mata ba. A kan taya nake zaune nake rubuta muku wannan, jan fentin duk ya ɓata min hannu.

Kafin in fara rubutun na sunkuya ta tagar motar, na ce, "Baba, gobe da sassafe zan mayar da shi. In Allah ya yarda jibi za ka ji shi."

Bai juyo ba. Ya ce, "Bar shi tukuna, Injiniya. Abin da na ji yau ya ishe ni."